Ambaliya: Abin da ƙanƙara ke yi wa kogunan Rasha, yashi da leda na yi wa Gumel

A watan Janairu babu mai zancen ambaliya a Maigatari. Sanyi ake yi, hazo ya rufe gari, masu shayi sun fi kowa ciniki, iskar hunturu kuma tana kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ƙetaro iyakar Nijar ɗauke da ƙura da rairayi.

Wanda ya tsaya a bakin titi ya leƙa ƙarƙashin kwalbati a irin wannan lokaci zai ga inda iskar ke sauke kayanta. Yashi ya kwanta a bakin kwalbatin, leda ta maƙale, karan gero da robobin lemo sun biyo baya. Kullum ana ƙara kaɗan. Kafin bazara ta kama, ramin da yaro ke iya rarrafawa ya wuce ya koma wanda ko akuya ba za ta iya sa kai ba.

A daidai waɗannan watanni, can a arewacin duniya, wata toshewar ce ke haɗuwa. Manyan koguna a Rasha da Kanada da ƙasar Sin suna daskarewa, mutanen da ke zaune a gaɓarsu kuma suna zuba ido da fargaba, domin sun san ƙanƙarar da ke taruwa a kan ruwan ita ce za ta iya kore su daga gidajensu.

Tsakanin Maigatari da waɗancan ƙasashe akwai nisan dubban kilomita, yanayinsu ma bai yi kama ba. Amma darasin ɗaya ne: sau da yawa ruwa na shiga gidan mutane ne saboda an tare masa hanya, kuma a lokacin sanyi ake ɗana tarkon.

Yadda ƙanƙara ke datse kogi

Ƙanƙarar da aka sani a Gumel ita ce wadda ake saya a watan azumi a jefa cikin zoɓo ko kunun aya, sai kuma wadda kan faɗo tare da ruwan sama jefi-jefi. A Saiberiya da ke Rasha kuwa, kogi sukutum ne ke daskarewa. Ƙanƙarar da ke rufe Kogin Lena kan wuce kaurin mita ɗaya, har manyan motoci na bi ta kanta su tsallaka, alhali ruwa na ci gaba da gudu a ƙarƙashi.

Matsalar na farawa ne idan ɗumi ya zo, ko a ƙarshen sanyi ko kuma a tsakiyarsa. Dusar ƙanƙara ta narke, ko a yi ruwan sama, kogi ya ƙaru ya ɗago rufin da ke kansa ya farfasa shi. Sai manyan ɓaraguzai, wasu sun kai girman ɗaki, wasu sun kai girman fili, su kama hanya.

Duk inda kogin ya yi kwana, ko ya tsuke, ko ya gamu da ƙafafun gada, ko tsibiri, nan ɓaraguzan ke cijewa. Na baya su hau na gaba, wasu su kutsa ta ƙasa, har su gina bango. Ruwan da ke tafe ya rasa wurin wucewa, sai ya koma baya ya tumbatsa. Yana iya hawa mita da yawa cikin 'yan awoyi, ba tare da an ga hadari ko ɗigon ruwan sama ba.

Idan bangon ya ɓalle kuma, garuruwan da ke ƙasa su ne a cikin haɗari, domin ruwan da ya taru zai sauko musu gaba ɗaya, yana tafe da ƙanƙarar da ke iya karya gada da rushe gini.

Kogunan da suka fi fama da wannan su ne masu gangarawa daga kudu zuwa arewa. Kansu na narkewa da wuri, alhali ƙarshensu na nan a daskare, sai ruwan ya zo ya tarar da ƙofa a rufe.

Haka ta faru a garin Lensk a watan Mayun 2001, lokacin da ƙanƙara ta datse Kogin Lena, ruwa ya shanye kusan dukkan garin. Sai da jiragen yaƙin Rasha suka riƙa jefa bama-bamai a kan ƙanƙarar domin a buɗa wa ruwan hanya.

A Kanada, a ƙarshen watan Afrilun 2020, ƙanƙara ta cunkushe a Kogin Athabasca tsawon kimanin kilomita 25, aka kwashe mutum kusan 13,000 daga garin Fort McMurray, ana tsaka da annobar korona. A ƙasar Sin ma, Rawayen Kogi kan yi irin wannan toshewa a yankin Ningxia da Mongoliya ta Gida, sau biyu a shekara: farkon sanyi da kuma wajen watan Maris.

Ƙasar da ba ta da kogi amma tana da ambaliya

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Babu wani babban kogi da ya ratsa ta. Ƙasa ce ta gero da wake da riɗi da zoɓo da gyaɗa, kuma a shekarar da aka saba ruwan da take samu bai cika wuce milimita 600 ba. An fi saninta da fari da kwararowar hamada.

Wannan ne ke sa wasu mamaki idan suka ji an ce ruwa ya rushe gidaje a irin wannan yanki. Sai dai yanayin ƙasar ya bayyana dalili.

Sunan jihar kansa daga jigawa aka samo shi, wato tuddan rairayi. Arewacin jihar shimfiɗe yake da tsofaffin tuddan yashi da iska ta jera tun dubban shekaru, a tsakaninsu kuma akwai kwari-kwari. Ruwan da ya sauka a nan ba shi da kogin da zai kwashe shi ya yi gaba da shi. Ko dai ƙasa ta shanye, ko rana ta busar, ko kuma ya gangara kwari mafi kusa ya kwanta.

Ruwan kuma ba a rarrabe yake zuwa ba. Mafi yawansa na sauka ne tsakanin Yuli da Satumba, kuma wani lokaci dare ɗaya kan sauke abin da a wata shekarar sai an yi makonni ana tarawa.

Magabata sun san da haka. Garuruwan ƙasar Hausa sun tashi ne da kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu. Idan damina ta zo, kowane lungu na da kwatar da ke kai ruwansa kududdufi. A nan dabbobi ke sha, a nan ake buga tubali da rani, daga nan kuma ruwa ke tsattsafawa ƙasa yana ciyar da rijiyoyi.

A yau jama'a ta ƙaru, fili ya yi tsada. Kamar yadda ake gani a sauran garuruwan Arewa, kududdufi kan fara zama bola, daga nan a cike shi, a yanka filaye, a yi gini. Masu cikewar ma suna da hujjarsu: sauro, wari, da yaran da ke nutsewa a ciki duk damina. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda ruwan unguwar zai koma bayan an rufe masa masauki.

Lissafin ruwan dare ɗaya

Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, rufin kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 zai zubo da lita 5,000. Jarka 200 ke nan, irin mai cin lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura.

A kan hekta ɗaya kuwa, wannan ruwan ya kai lita 500,000, wato jarka 20,000. A gona, yashi zai shanye kaso mai yawa. A cikin gari, inda kwano da siminti da kwalta da daddaɓaɓɓiyar ƙasa suka mamaye, akasarinsa gudu zai yi yana neman gangare.

A nan titi ke shigowa. Ana ɗaga titin kwalta ne sama da ƙasar da ke gefensa, haka ma layin dogon Kano zuwa Nguru da ya bi ta Gagarawa. Duk abin da aka ɗaga haka ya ratsa gangare, to ya zama madatsa, kuma kwalbati ita kaɗai ce ƙofar da aka bar wa ruwa.

Kwalbatin da yashi ya cike rabinta ba ta iya ɗaukar ko rabin ruwan da aka gina ta dominsa. Da ruwan farko ya zo da leda da kara da tsummokara, sai su liƙe ragowar ramin, kamar dai yadda ɓaraguzan ƙanƙara ke cijewa a ƙafar gada. Ruwa ya koma baya ya kwanta a unguwar da ke sama. Idan ya yi yawa ya haura titin, ko ya ci gindinsa ya yanke shi, sai unguwar da ke ƙasa ta karɓi nata rabon.

Ginin ƙasa ba ya buƙatar igiyar ruwa kafin ya faɗi. Ya ishe shi ruwa ya kwana biyu a gindin katanga. Ƙasar ta jiƙe ta saki, nauyin soro da azara ya danno, sau da yawa cikin dare mutane na barci. Ruwan da ya kwanta kuma yakan cika masai ya tumbatsa, ya gurɓata rijiyoyi, daga nan a shiga fama da amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro.

Wanda ke ganin sai garin da ke bakin kogi ne ke cikin haɗari, ya dubi Damagaram, tsallaken iyakar Maigatari. Babu kogi a birnin, amma a farkon watan Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacinsa na ƙasa, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19. A waccan damina, sama da mutum 300 ne suka rasu sakamakon ambaliya a faɗin Nijar.

Kachala, bangon da ba ya narkewa

A kudu da gabashin Masarautar Gumel ne ake samun abin da ya fi kama da toshewar kogunan ƙasashen sanyi. Kogin Haɗeja, wanda ya samo asali daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, yana bi ta Wudil da Ringim da Miga da Auyo zuwa Haɗeja, kafin ya rarrabu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are, su nufi Tafkin Chadi.

A da, kogin kan cika ya batse da damina, ya share yashin da ke cikinsa, sannan ya ƙafe da rani. An kammala Madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha ga birnin Kano, amma sun sauya ɗabi'ar kogin. Ƙarfin ruwan damina da ke wanke hanya ya ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya sa kogin ya daina bushewa.

Abin da ciyawar kachala ke so ke nan: ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Tana tsiro ta wuce tsayin mutum, saiwarta na bin ƙarƙashin laka tana sake tofowa, iska kuma na watsa irinta. Inda ta yi kauri ruwa na rage gudu, ya sauke laka, lakar ta ƙara mata wurin zama.

Sannu a hankali rassan kogin irin su Kogin Kafin Hausa da tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja da Burum Gana suka cushe, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma. Sakamakon ya zo biyu. A wasu ƙauyukan Guri da Kirikasamma ruwa ya kwanta a gonaki har da rani, lokacin da babu ko gajimare a sama. Waɗanda ke ƙasa da inda aka toshe kuma suka rasa ruwan noma da na kamun kifi.

Idan shekara ta zo da ruwa mai yawa, kogin da ya riga ya tsuke ba ya iya ɗauka. A 2022, alƙaluman da gwamnatin Jigawa ta bayar a watan Satumba sun nuna mutum sama da 130 sun rasu, dubun-dubatar gidaje sun lalace, baya ga gonakin shinkafa da suka nutse. A faɗin Najeriya, waɗanda suka rasu a ambaliyar shekarar sun haura 600.

Mutumin Gumel ko Gagarawa ba zai ce abin bai shafe shi ba. Shinkafa da kifi da kayan miya da yake saya da yawansu daga wannan fadama suke fitowa. Idan ruwa ya yanke hanya, motocin da ke kawo kaya kasuwar Maigatari ranar Alhamis sai sun yi zagaye, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin zagayen. Dajin kachala kuma maɓoya ce ta tsuntsayen jan-baki, waɗanda ba su san iyakar masarauta ba idan gero ya fara nuna.

Su tun kafin ta taru suke fasa ta

Abin lura game da ƙasashen ƙanƙara shi ne lokacin da suke yin aikin. A lardin Manitoba na Kanada, duk shekara wajen Fabrairu da Maris, ana fito da injinan yanka ƙanƙara da wasu injinan haƙa masu iyo a ruwa, su bi Kogin Red suna farfasa rufinsa tun bai fara motsi ba. A Ottawa, babban birnin ƙasar, an shafe shekaru masu yawa ana sa nakiya a fasa ƙanƙarar Kogin Rideau a ƙarshen sanyi. A Sin, ana rage ruwan da ake saki daga madatsar Liujiaxia idan lokacin daskarewa da na narkewa suka zo, domin kada ya je ya tarar da hanya a rufe.

Sun san wuraren da toshewar ta saba faruwa, kwana kaza, gada kaza, kuma can suke fara zuwa. Jefa bam irin na Lensk matakin ƙarshe ne, na ranar da komai ya riga ya ƙwace.

Jigawa ma ta fara bin irin wannan hanya a kan kogi. Bayan ɓarnar shekarun baya, gwamnatin jihar ta samar da injinan haƙa masu aiki a cikin ruwa, 'yan'uwan waɗanda ake amfani da su a Manitoba, ana yashe Kogin Haɗeja da cire kachala tare da gina jinga a garuruwan da ke gaɓa. Tun kafin zuwan injinan, mazauna fadama sun sha fita aikin gayya da lauje da adda a cikin kwale-kwale. Sun kuma san halin ciyawar: in aka yanke ta aka tafi, za ta dawo. Aiki ne na kowace shekara.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a faɗa. Ƙanƙara ko ba a taɓa ta ba, rana za ta narkar da ita cikin makonni. Yashi da leda da kachala ba sa narkewa. Abin da aka bari bana, shi za a tarar baɗi, da ƙari a kai.

Aikin hunturu

A yankin Gumel ba a buƙatar injin da ke iyo. Shebur da baro da tifa sun isa mafi yawan aikin, in dai an yi shi a kan lokaci. Daga Disamba zuwa Afrilu magudanai a bushe suke, an gama girbi, matasa da yawa na gida. Wanda ya jira sai ruwa ya sauka zai tarar da laka mai nauyi da wari, ga kuma hankalin kowa ya koma gona.

Kowane mai unguwa ya san inda ruwa ya kwana bara. Idan aka tattara waɗannan wurare a rubuce, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi har sakatariyar ƙaramar hukuma, an samu taswirar da ba a kashe ko kwabo a kanta ba. Da ita za a san kwalbatin da yashewa kawai take so, da wadda ta yi ƙanƙanta tun asali sai an sake ta.

Yashin da aka fitar kuma sai an kwashe shi. An saba ganin an yashe lambatu an tara ƙasar a bakinsa, iska da ƙafar dabbobi su mayar da ita kafin wata guda. Kuma tun da iskar hunturu ba ta gama aikinta sai wajen Maris, yana da kyau a sake zagayawa dab da faɗuwar damina.

Kududdufan da suka rage suna buƙatar kariya daga masu yanka fili. Ana iya yashe su, a zagaye su da shinge saboda yara, a hana zuba shara. A ƙasar da rijiya ke da zurfi kamar wannan, ruwan da aka tara a kududdufi riba ce.

Sai maganar bishiyoyi. Jigawa na cikin jihohi 11 da ke cikin shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Afirka, tana kuma cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 domin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa. Layin darbejiya ko ƙirya a gabas da arewacin gari na rage gudun iska, ta sauke yashinta a can maimakon cikin magudana. Mai sare bishiya a bayan gari da mai zuba shara a kwata, duk kwalbati ɗaya suke cikewa.

A matakin gida ma akwai abin yi: a ɗaga dokin ƙofa, a yi wa gindin katanga dakali da yaɓe, a gyara indararo, a tabbatar ruwan gidan na da mafita wadda ba ɗakin maƙwabci ba.

Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon shekara, Hukumar Kula da Al'amuran Ruwa, NIHSA, kuma ta biyo baya da jerin ƙananan hukumomin da ke fuskantar barazanar ambaliya. Waɗannan sanarwa na zuwa ne tun da sauran watanni, lokacin da shebur ke da amfani. Buhun shinkafa da tabarma da bandir ɗin kwano da hukumar agajin gaggawa ke rabawa a watan Satumba suna rage raɗaɗi, amma ba sa dawo da wanda katanga ta danne.

Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. Ruwan Agusta zai zo a lokacinsa, ya bi gangaren da ya saba bi, ya iso bakin waccan kwalbati ta gefen titi. Abin da zai tarar a wurin, a watannin nan na sanyi ake yanke shi.